Tulun da Ya Ƙi Faɗin Aikinsa

Na zauna a gidaje da yawa a rayuwata. Na yi haya a Kumasi, inda matar gida ke share tsakar gida tun kafin gari ya waye, ta bar sawun tsintsiya a ƙasa kamar zane. Na zauna da mutanen Omdurman, waɗanda kayan ɗakinsu ba su wuce gadon igiya da akwati ba. Na yi wa wani Bafaranshe aiki a Fort-Lamy, mutumin da ko cokalinsa yana da wurin kwana. Duk inda na je nakan lura da yadda mutane ke raba abin ajiyewa da abin zubarwa. Kuma duk sa'ad da na ga an ɗaga wani tsohon abu ana jujjuya shi ana shawara, sai ɗakin Iya ya faɗo mini a rai.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. 'Yar Bauranya ce ta ƙasar Kusada, aure ya kawo ta Kankiya. Iya ba ta zubar da komai. A ɗakinta akwai ƙoren da aka ɗinke har ɗinkin ya fi ƙwaryar yawa, da faya-fayan da gara ta cinye rabinsu, da tukwane marasa baki, da tsummokin da ba wanda ya san zanen da suka fito daga gare shi. Akwai akumarin jakin da ya mutu tun ba a haife ni ba. Hanya ɗaya ce siririya daga ƙofa zuwa gadonta, ita kaɗai ta iya binta cikin duhu.

Baba shi ne ɗanta na fari, saboda haka akwai kunya tsakaninsu. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira. "Wancan" take ce masa. Da safe in ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango. In tana da magana da shi, mu jikoki take aika, ko da yana tsaye inda zai ji. Na sha ba abokai wannan labari a ƙasashen da na zauna, su ce ai wannan ƙiyayya ce. Nakan gaji da bayani in ƙyale su.

Da mu kuwa bakinta ba ya rufuwa. Ni take kira Maigida, tana yi mini gorin cewa ta auri mijin da bai taɓa kawo cefane ba. Bayan an yi sallar lisha mukan kewaye ta a bakin murhu, ni da yayata Laraba da 'ya'yan maƙwabta, tana kaɗi tana ba mu tatsuniya. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Takan ce, "Ga wata can tafe, ta ɗauro zane." Mu kuma mu ce, "Ta ƙaraso, tabarma a shimfiɗe take."

Shekarar da nake son ba da labarinta, fara ta sauka mana ana gab da girbi. Abin da aka kai rumbu bai taka kara ya karya ba. Kafin bazara ta kai tsakiya tuwo ya koma kunu, kunun ma ya tsinke. Wata rana na ga Baba ya hau rumbu ya sauko da dammunan da ya ware domin iri. Ya ba Inna, mahaifiyarmu, ya ce ta sussuka, in damina ta zo Allah zai kawo na shuka. Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kallo. Ƙanwata Hassi tana goye a lokacin, kukanta ya koma kamar na ɗan mage saboda nono ya ja baya.

Cikin wannan hali sanƙarau ya shigo gari. Da aka fara yawan zuwa maƙabarta, sai sanƙira ya kewaya unguwanni yana shela: Bature likita zai zo daga Katsina, duba-gari zai shiga gida-gida, a share ko'ina, a ƙone juji, a fitar da tsummoki da fasassun tukwane da duk inda ɓera zai iya fakewa. Mun riga mun ji abin da ya faru a wata unguwa. Wani magidanci da aka sami gidansa da ƙazanta, an ɗora masa kwandon shara a ka, dogari na bin sa, aka ratsa da shi ta cikin kasuwa. Baba manomi ne, da rani kuma yana ɗinkin riga a zaure, mutane na zuwa wurinsa neman shawara. Ya fi tsoron wannan kwando da bulala.

Ana gobe za a zo unguwarmu aka yini ana aiki. Aka fitar da komai tsakar gida, aka share ɗakuna, aka kankare randuna, aka toshe ramukan ɓera da laka. Abin da Baba ya ce ba shi da amfani ya tafi tsibi guda. Da la'asar gidan duka ya yi fes, sai ɗaki ɗaya.

Baba ya kira ni. "Je ka ce wa kakarka gobe da sassafe zan shiga ɗakinta."

Tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba, amma na je na faɗa.

"Maigida, koma ka ce ma wancan ɗakina ba juji ba ne."

"Ce mata in duba-gari ya leƙa ɗakin nan, ni za a ɗora wa kwando."

Iya ta ci gaba da murza mazari. Can ta ce, "To, ce mishi ya kwashe abin da ya ga dama. Amma tulun da ke bayan gado, kada hannu ya kai gare shi."

Na san tulun. Baƙi ne, babba, ya tsage ta gefe an shafe tsagar da laka da kashin shanu, bakinsa ma a liƙe da laka. Cikin dukan tarkacen ɗakin babu abin da ya fi shi muni.

"Tambaye ta me ke ciki."

"Toka," in ji Iya.

"Toka!" Baba ya manta da ni, ya ɗaga murya yana fuskantar katanga. "A kan toka za a zagaya da ni kasuwa? Wallahi shi zan fara fasawa."

Ban taɓa jin ya rantse a gabanta ba sai ranar. Inna ta ja Laraba suka shige ɗaki.

Da magariba ta wuce Baba ya cinna wa tsibin wuta. Wutar da muka zauna a bakinta daren nan da kayan gidanmu aka hura ta: tsofaffin tabarmi, karyayyen ƙyauren ƙofa, kwandon kajin da muka riga muka cinye. Hayaƙin tsumma yana shiga ido. Babu ɗan maƙwabcin da ya zo, kowa na fama da nasa gida. Baba ya zauna can nesa kusa da rumbu, ya ba mu baya, yana ɗaure sabuwar tsintsiya da igiya. Ban yi zaton za a yi tatsuniya ba. Sai ga Iya ta fito da kujerarta, ba mazari a hannunta, ta zauna. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata can tafe, ta ɗauro zane."

Ni da Laraba muka amsa a hankali.

Ta ce wai Damina mace ce mai yawan tafiya, ba ta zama wuri ɗaya. Duk shekara in za ta tafi, sai ta bar 'ya'yanta a hannun amana. 'Ya'yan ƙanana ne ƙwarai, ba sa kuka, ba sa cin abinci, barci kawai suke yi har uwarsu ta dawo ta tashe su. Wata shekara ta kawo su wurin wani tsohon tulu a gidan wata tsohuwa, ta ce masa, "Ga su, ka lulluɓe su da toka. Amma kada ka gaya wa kowa. Yunwa ta sauka a gidan nan, kuma ba a zaure take kwana ba, a cikin cikin masu gidan take kwana. Duk abin da kunnensu ya ji, ita ma ta ji. In ta ji inda 'ya'yana suke, da hannun mutanen kirki za ta ɗauke su, suna kuka suna ci."

Laraba ta matso kusa da ni.

Iya ta ci gaba. Wai tsohuwar tana da ɗa, mutumin kirki, mai tsoron abin kunya. Wata rana wani baƙo ya ba shi tsintsiya mai shara da kanta. Tsintsiyar nan ba ta da mugunta, amma ba ta san komai ba sai tambaya ɗaya. Duk abin da ta tarar sai ta tsaya a gabansa ta yi waƙa. Iya ta shaƙe murya ta rera:

"Shar, shar, ni ce tsintsiya,
Faɗi aikinka ka kwan gida,
Yi shiru ka kwan bisa juji."

Turmi ya ce daka yake yi, aka bar shi. Ludayi ya ce shi ke kai fura baki, aka bar shi. Tsohon takalmi ya yi ta kame-kame, ya ce da can ya je Kano, tsintsiya ta ce ba da can ta tambaya ba, ta yi waje da shi. Nan muka yi 'yar dariya, amma Iya ba ta yi ba. Tsintsiya ta share ɗaki bayan ɗaki har ta zo bayan gadon tsohuwa, ta tsaya gaban tulu, ta yi waƙarta. Tulu ya yi shiru. In ya faɗi aikinsa, Yunwa na saurare. In bai faɗa ba, juji. Tsintsiya ta sake rerawa. Tulu ya yi gum. Ta ja da baya, ta ɗaga kanta sama za ta kai masa duka.

Iya ta tsaya nan. Wutar ta yi ƙara, wani abu ya fashe a cikinta.

"Sai me, Iya?" in ji Laraba.

"Ban sani ba."

"Haba Iya! Tatsuniya ba ta ƙarewa haka."

"Wagga ba a bakina ƙarshenta yake ba. Ku tambayi mai tsintsiya." Ta ɗauki kujerarta ta shige ɗaki.

Na waiwaya wajen rumbu. Hannun Baba ya daina motsi, igiyar na lilo tsakanin yatsunsa. Bai juyo ba.

Da sassafe ya shiga ɗakin, ni ina kwasowa ina kaiwa waje. Iya ta zauna a ƙofa ta juya mana baya. Duk abin da ya ɗaga sai ya ce, "Tambaye ta aikin wannan." In ta faɗi aikin da ya shiga kunne, a ajiye gefe. In ta fara cewa ai na wance ne da ta rasu, ko wata rana zai yi amfani, sai ya miƙo mini. Akumari ya tafi. Tsummoki suka tafi. A kan wata ƙwarya da uwarta ta ba ta muryarta ta yi rawa, Baba ya ajiye ƙwaryar a kan gado. Ƙarƙashin faya-fayan muka tarar da sheƙar ɓera har da 'ya'ya jajaye, Iya ta ce, "To, waɗannan kam ba ni na ajiye su ba."

Har muka kai bayan gado. Baba ya tsaya gaban tulun. Na jira ya ce in tambaya, bai ce ba. Ya sunkuya ya ɗaga shi, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, nauyin ya wuce na toka. Lakar tsagar ta ɗan ɓare, toka ta zubo siririya, a cikinta kuma wasu 'yan ƙwayoyi suka gangaro ƙasa. Gero ne. Cikina ya yi ƙugi tun kafin kaina ya gane. Baba ya ɗora ƙafarsa a kai.

"Ka ga wani abu?"

Daga tsakar gida ina jin kukan Hassi. Na ce, "Toka na gani, Baba."

Ya kwaɓa laka ya shafe tsagar, ya mayar da tulun inda yake. Babu inda zai kai shi. Rumbu Inna ke shiga, ɗakinsa kuma za a duba. Ga shi ɗakin Iya ya zama fili, tulun ya fito fili kamar baƙo a masallaci.

Da hantsi suka iso. Baturen ya tsaya a inuwar zaure yana toshe hanci da ƙyalle. Duba-gari ya shigo da gajeren wando da sanda mai bakin ƙarfe, dogari a bayansa. Maƙwabta suka cika ƙofar zaure, yara suka hau katanga, kowa na son ganin yadda za ta kaya don ya san abin da ke jiransa. Mutanen nan duka yunwa suke ji. Da an ce ga gero a gidanmu, kafin azahar ƙore za su yi layi, kuma Baba ba mutumin da zai iya cewa babu ba ne alhali akwai.

Duba-gari ya leƙa randuna, ya zungure bayan rumbu, ya duba makewayi. Bai sami komai ba, kuma na ga rashin samun bai yi masa daɗi ba, ga Bature na jira. Ya shiga ɗakin Iya. Ya fito yana jan tulun, ya dire shi tsakar gida.

"Maigida, wannan fa?"

"Toka ce, ranka ya daɗe."

"Tokar me?"

"Ta tsohuwa."

Aka yi dariya a ƙofar zaure. Duba-gari ya sa bakin sandarsa ya fasa lakar bakin tulun. Toka ta tashi. Ya cusa sandar ciki, ta nutse, ta nutse, sannan na ji wani ɗan sauti, ƙurus, irin wanda duk ɗan manomi ya sani. Ya tsaya. Ya dubi Baba. Ya dubi Inna da ke leƙowa da Hassi a baya, ya dubi kawunan da ke kan katanga. Iya na zaune tana kallon bango.

Ya zare sandar a hankali, ya goge ta a ƙasa.

"Ƙazanta!" ya ce da ƙarfi, yadda Baturen zai ji. "Dattijo da kai, kana ajiye toka da kashin shanu inda mutum ke kwana? Ɗauke shi da kanka ka fitar da shi bayan gari. Kada in ƙara ganinsa a gidan nan."

Har yau ban san ko tausayi ne ya sa ya faɗi haka ba, ko kuwa laifin da zai nuna wa maigidansa yake nema. Abin da na sani, bai ce a fasa ba.

Kalma ɗaya ta isa ta fid da Baba. Da ya ce iri ne, ba mai hukunta manomi a kan iri. Ya buɗe baki, na ga haka da idona, sannan ya rufe. Ya cire hularsa ya ba ni, ya naɗa gammo, ya toshe bakin tulun da tsumma, dogari ya taya shi ɗorawa. Hanyar bayan gari ta bakin kasuwa ta bi. Na bi su daga nesa da hular a hannu. Toka na zubo masa a fuska tana haɗuwa da gumi. Mutanen da ke zuwa zaurensa neman shawara suka sunkuyar da kai, yara kuwa suka bi shi suna tafi suna cewa, "Mai Tulu! Mai Tulu!" Da aka fita gari dogari ya gaji da rana ya koma. Baba bai tsaya a juji ba. Ya miƙe hanyar Tafashiya har gonarmu, ya haƙa rami a gindin wata tsamiya da hannunsa da wani guntun itace, ya liƙe tulun, ya binne.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar wuya. Ruwa ya yi jinkiri. Muka koma cin dusa da ganyen da Inna ke tsinkowa. Kullum Baba na wucewa ta gindin tsamiyar nan in ya je sharar gona, ya dawo ya tarar da Hassi kwance ba ta ko iya kuka. Ni ma na sani, kuma sau da yawa maganar ta zo mini har leɓe in na ga Inna na kankare ƙwarya. In na ɗaga kai sai in ga idon Iya a kaina. "Maigida," takan ce, "zo ka cire mini ƙaya," alhali ba ƙaya a ƙafarta.

Ranar da aka yi ruwan shuka, Baba ya tono tulun. Muka tankaɗe tokar a gona, gero ya fito tas, ko ƙwaro ɗaya babu. Irin Bauranya ne mai saurin nuna, wanda Iya ta riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan tun ranar da fara ta sauka. Ya ishe mu, har Baba ya ɗiba wa maƙwabta biyun da ke jikin katangarmu, tunda yanzu ƙasa za a ba, ba tukunya ba. Inna ta tsaya a kan tulun ta daɗe. Sannan ta dawo gida ta tsaya a ƙofar Iya, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Iya, da na sani, da na dama wa yarinyar nan kunu."

"Na sani, ɗiyata," in ji Iya. "Shi ya sa ba ki sani ba."

Hassi ta rayu, amma ta daɗe ba ta yi tafiya ba, kuma Inna ta yi kwanaki ba ta yi wa Baba magana. Ba zan ce wani cikinsu ya yi kuskure ba.

Yanzu na tsufa, na dawo Kankiya, jikokina ne ke shiga ɗakina da tsintsiya suna tambayata amfanin wannan da wancan. Yawanci nakan ce su fitar, domin na tuna ɓerayen nan, na kuma tuna Iya da kanta ta ce tun da aka share ɗakin tarin da take fama da shi ya ragu. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan tulu take. Sai da na riƙe gida na gane a kan mai tsintsiya take, wanda aka ce ya share, ya share, amma ya san inda zai tsaya bai tambaya ba, ya kuma ɗauki abin da ya biyo baya a kansa.

Sunan da yara suka laƙaba wa Baba bai bar shi ba har ya rasu. Da farko yana ƙona masa rai. Amma ranar da aka kawo dammunan farko gida, yana tsaye gaban rumbu yana jefa su ciki, Iya ta fito da ƙwaryar uwarta cike da fura. Na miƙa hannu in karɓa in kai masa, kamar kullum. Ta ture hannuna. Wannan suna ba shi ne wanda aka raɗa masa ba, saboda haka kunya ba ta hana ta shi ba. Tana kallon gefe, ta ɗaga murya.

"Mai Tulu," ta ce, "zo ka sha."